Inuwar Verna

In kana so ka ga Orval Tollefson ya ƙware da kofi, ce masa kyarkeci dabba ce mai amfani. Maƙwabcina ne a nan Montana, wayar shinge ɗaya ta raba shanunmu, kuma tun muna samari bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Abu ɗaya matarsa Verna ta taɓa roƙonsa: inuwa a bakin rafin bayan gida. Duk bazara sai ta yanko rassan bishiyar wilo ta soke su a laka, yadda kowa ke yi. Sanyi na shigowa kuma garken elk, manyan bareyin nan, su sauko su yi wa dashen aski ƙwal. Babu mai korarsu, don kakanninmu sun ƙarar da kyarketai tuntuni. Har Verna ta rasu dashen bai wuce gwiwa ba. Orval ya ci gaba da soka rassa yana zagin bareyi.

Da hukuma ta dawo da kyarketai gandun daji, ba wanda ya kai shi kumfar baki. "Duk kyarkecin da ya tako gonata, hula zan ɗinka da fatarsa," in ji shi.

Shekaru suka tura. Bareyi suka daina baje kolinsu a bakin rafi, sai su sha ruwa kunne a tsaye su ƙara gaba. Wilo ya kai ƙugu, ya wuce kafaɗa, tsuntsaye suka dawo. Orval ya ce albarkar takin shanunsa ce.

Sai aka cinye masa ɗan maraƙi, aka ba shi izinin harbi. Na raka shi da safe. Muka hango kyarkecin kwance a kan tudu, ga bareyi can gefe suna haɗiyar yawu a kan wilon Verna, amma ba mai ƙarfin halin matsowa. Orval ya saita bindiga, ya daɗe a haka.

"Harba mana, tsoho," na ce. "Ko ka fasa hular?"

"Rufe min baki, Dale. Idona ne ke ruwa."

"Iska ce ko?"

"Iska ce."

Ya sauke bindigar. Da yamma na tarar ya yayyaga jan mayafin teburin Verna yana ɗaurawa a wayar garken maruƙa, don kyarkeci ba ya son ƙetare tsumma mai kaɗawa.

Har gobe yana zaginsu a kasuwar shanu. Amma kwanaki na same shi zaune a inuwar, ya ajiye kujera ta biyu da na san ba tawa ba ce. Tausayinsa ya kama ni, na rasa tsiyar da zan yi masa.

"Ka gani ko, Dale," ya ce. "Duk zaman da muka yi na kasa ba ta inuwar nan. Sai ɓarawon maraƙi ya zo ya ba ta."