Zuben Malam Uwaisu

Harrison sunansa, amma a Gwarzo babu mai wahalar da bakinsa, Harisu muke ce masa. Daga kudancin Kaduna ya biyo yayansa mai koyarwa a firamare, yayan ya koma gida, shi ya zauna. Shagona na ɗinki da nasa na zane bango ɗaya ya raba, don haka ni nake fara shaƙar warin fentinsa kowace safiya.

In ka ga allon shagon aski a garin nan, ko bayan babbar mota da zaki ya hangame baki, to hannunsa ne. Matsalarsa ɗaya, bai yarda akwai mummuna a duniya ba. Duk wanda ya zana sai ya fito fari tas, hanci har baka, gira kamar an ja da reza. Nakan ce masa, "Harisu, wai mutanen nan naka duk uwarsu ɗaya ce?" Sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Tela, wa zai rataya muninsa a ɗaki?" Kuma da gaskiyarsa, haka mutane ke so.

Rannan Zayyad, wani mutumin Dugabau mai aiki a Kano, ya zo masa da tsohon katin zaɓen mahaifinsa, marigayi Malam Uwaisu. Hoton da ya rage na tsohon ke nan, shi ma gumi da zaman aljihu sun cinye shi, sai inuwa. Mahaifiyar Zayyad, Inna Uwaliya, ita ta matsa a zana mata shi. Jikoki na tambayar kamannin kakansu, ita kuma ta fara jin fuskar na ɓace mata. Harisu ya bugi ƙirji ya ce ba ya ma buƙatar kati, ai duk ranar kasuwa a bakin shagonsa marigayin ke sauke buhun gyaɗa.

Ni ma na san shi. Baƙi ne wuluk, da zube a kumatu, da giɓi a gaba, ido ɗaya a ɗan kanne.

Ni na goya Harisu a mashin ranar kai hoton, ya naɗe shi a zani ya hana ni gani. Aka yi mana shimfiɗa a zaure, Inna ta fito, aka gaisa, aka sake gaisawa. Harisu ya yaye zanin yana murmushi. Inna lillahi! Wani Balarabe ne zaune cikin alkyabba, fuska sumul, haƙora a jere reras.

Inna Uwaliya ta matso, ta daɗe tana dubawa. Can sai ta gyara mayafinta kamar ta ga baƙo, ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Wane bawan Allah ne wannan?"

Wallahi ba gatse take ba, tambaya take. Harisu ya ce, "Inna, Malam ne, ɗan gyara shi na yi."

Ta ce, "Gyara? Me ya yi da za a gyara shi? Ina zubensa? Da shi na ware shi cikin samari a dandali tun ban san sunansa ba."

Ni da ban taɓa buroshi ba na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Zayyad ya sunkuyar da kai. A hanyar dawowa sai na ji goshin Harisu a bayana.

Ya daina karɓar aiki, ya kulle kansa a shago. Ya kwaɓa baƙin fenti, ya ja zube, ya buɗe giɓi, sannan ya kira ni. "Tela, tsakaninka da Allah, shi ne?" Na rasa inda zan sa idona. Saurayin allon aski ne aka shafa wa baƙi. Ya goge ya sake, ya goge ya sake, hancin nan sai ya miƙe, girar nan sai ta lanƙwashe.

Ya ce, "In na rufe ido ina ganinsa. Da na ɗora buroshi sai wancan mutumin ya fito. Shekarun nan duk fuska ɗaya nake zanawa ashe. Kunya nake ji, Tela."

Duk da haka ya ɗauki wanda ya fi dama-dama muka koma Dugabau. Wannan karon bai yi murmushi ba, durƙusawa ya yi har ƙasa ya miƙa mata. Inna ta sa yatsa ta bi zuben a hankali, daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Zuben kam nasa ne. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka." Sai ta juyar da hoton ya fuskanci bango. "Amma ka tafi da shi, ɗan nan. In na yi ta kallon wannan, ɗan abin da ya rage mini na Malam ma sai ya gudu."