Jar Dawar Kakata

Shekarun baya, ina ajin farko a jami'a a Yelwa, na kamu da ciwon sabon ɗalibin aikin gona: na ga duk manoman Bauchi ba wanda ya kai ni sani.

Kakata tana zaune a Inkil. Tana da wata jar dawa mai gajeren kara da ta gada wajen mahaifiyarta. Duk girbi sai ta zaɓi zangarniyoyi masu kyau ta rataye saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har damina. Ni kuwa na sa ta a gaba, wai wannan tsohon yayi ne, ga ingantaccen iri mai cika buhu. Da nacin ya ishe ta ta ce, "To maigida, kai ne ɗan boko." Na kai mata sabon iri ina hura hanci.

Ina ajin ƙarshe malamarmu ta fara bincike kan ƙwayoyin halittar tsofaffin irin dawa. Ta ce damina sai gajarcewa take yi, kuma irin da ke nuna kafin ruwa ya ɗauke yana hannun tsofaffi. Da ta siffanta wata ja mai gajeren kara da ta daɗe tana nema, nan take na gane dawar kakata ce. Na lallashi kaina cewa tsohuwa ba ta rasa ajiya, muka hau keke mai ƙafa uku ni da malama sai Inkil.

Bayan gaisuwa malama ta ce, "Inna, ko akwai sauran jar dawar nan, ko da cikin tafin hannu ne?"

Kakata ta nuna ni da haɓa. "Tambayi maigidana, shi ya hana ni shuka ta. A shekarar na sauke ta na daka na dama kunu. Kofi biyu ya sha, har yana neman ƙari."

Malama ta rufe littafinta kawai. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Mun bi unguwar gida-gida ba mu samu ko ƙwaya ba. Ashe maƙwabtan ma wajenta suke karɓar irin, da ta daina shukawa suka daina.

Kakata ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta sake tayar min da maganar ba. Yanzu ni ma binciken iri nake yi, kuma kunyar ba ta sake ni ba. Dawar da fari da ƙwari suka kasa gamawa da ita, bakina ne ya gama da ita. Duk ƙauyen da na shiga ita nake fara tambaya, ban kuma taɓa gaya wa kowa dalili ba sai yau.