Harshen Kawu Aisami

Tsoron ya shige ni ne ranar da muka ja igiya, guga ya fito wayam. Sati biyu ke nan da dawowata daga Zinder, na gama lise, wato babbar sakandare, ina tsaye bakin wata sabuwar rijiya a kwarin gabas da Gure. Kawuna Aisami yana can ƙasa yana haƙa. Muka kira, shiru. Da aka sauka aka ɗauro shi, bakinsa ya karkace, hannun dama yana lilo. A gidan likita suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Cikin 1974 ne, fari bai gama sakinmu ba. Har yau in na ji guga ya bugi bangon rijiya sai gabana ya faɗi.

Shekara talatin Kawu ya yi yana haƙa rijiya. A kwaruruwanmu taku kaɗan ne ke raba ruwan daɗi da ruwan kanwa, shi kuwa da harshe yake gane su. Tun zurfin rami bai wuce tsayin mutum ba zai ɗebi yashi ya sa a baki, ya tofar, ya ce a ci gaba ko a cike. Ba a taɓa jin ya kuskure ba.

Wata bakwai ya yi kwance, fuska ga bango. Magana ta dawo da ƙyar, yana janta. Wata rana yana cin tuwo ya ce wa matarsa, "Mairo, gishiri ya ƙare a garin nan ne?"

"Haba Malam, miyar da na zuba wa sau biyu?"

Na ɗanɗana. Gishirin har ɗaci yake. Ni da Inna Mairo muka dubi juna.

Bayan kwana biyar sai ga Maigari Tanko daga wani ƙauye bayan Gidigir. Rijiyarsu ta koma kanwa, matansu na tafiyar rabin wuni neman ruwa.

"Ba hannunka muka zo nema ba, Malam Aisami," in ji shi. "Hannu muna da shi har ya yi mana yawa. Bakin nan muke so."

"Karkataccen?" in ji Kawu. Dariyarsa ta fari ke nan tun faɗuwarsa.

Na raka shi a amalanke. Sun tona ramuka uku suna jira. Aka kawo masa yashin kowane, ya riƙa tura shi kuncin hagu, yana daɗewa fiye da yadda na san shi. Sannan ya nuna na tsakiya. "Nan."

Na buɗe baki zan faɗa wa Maigari zancen miya. Sai na ga Kawu tsaye a kan sanda, ba mai riƙe da shi, yana yi wa masu haƙa faɗan yadda suka ɗaure igiya. Na yi shiru.

A hanyar dawowa ya kira ni da sunan da ake kiran 'yan boko da shi, monsieur na Faransanci, ya ce, "Mushe, na ga kana ta haɗiyar yawu. Ɓarin hagu yana nan da ransa."

"Kawu, ka tabbata?"

"Tabbas sai Allah."

Tun daga ranar bai koma ga bango ba. Da hantsi yakan ja ƙafa zuwa ƙofar gida, ya sa an fito masa da igiyoyinsa yana duba su da hannu ɗaya. Na san in ruwan ya fito da kanwa ba wanda zai sake zuwa, mutanen can kuma sun yi wahalar banza saboda shirun da na yi.

Maigari ya ce zai aiko da saƙo ta hannun direban kamiyo, babbar motar kaya, ran kasuwa. Kasuwa biyu ta ci. Har lokacin ba mu ji ko sun kai ga ruwa ba.