Karkataccen Allon Sheme

Suwaibatu ta fara jin sunan Yahuza ne a bakin kakarta, Hajiya Larai, wata safiya da ta jingina da bango tana hamma maimakon ta ɗauki tsintsiya.

"Ke, miƙe tsaye! Kin wani karkace kamar rubutun Yahuza."

Ta daɗe tana zaton wani zagi ne na tsofaffi. Sai da ta yi wayo ta gane ashe mutum ne, ƙanin Hajiyar ma, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar Ƙanƙara yana rubutu a jikin motoci. Da girma ya kama shi ya dawo Sheme, ya kafa rumfa a bakin titi da gwangwanayen fentinsa.

Salo ɗaya gare shi a rubutu. Haruffansa ƙattai ne masu kaurin taɓarya, kowanne da faffaɗan takalmi a ƙasa, kamar an yanko bulo an manna masa. Duk kuma sun sunkuya gaba, kamar matan da hadari ya taso musu a hanyar dawowa daga kasuwa. Suwaibatu ta taɓa tambayarsa dalili.

"Amarya, ashe ba ki da wayo," in ji shi, don haka yake kiranta da wasan kaka da jika. "Siririn harafi, laka ɗaya za ta cinye shi a hanyar Sabuwa. Takalmi kuwa, wa ke tahiya mai nisa ba takalmi? Sunkuyon nan shi ne gudu. Mota na tsaye a tasha, amma fasinja ya ga ta riga ta kama hanya."

A jikin mota, ko ta dama ko ta hagu, haruffansa goshin motar suke bi. Mai shayi, mai faci, mai injin niƙa, duk shi ya yi musu alluna, har garin ya zama kamar kowane shago yana shirin tsere.

Ana nan motoci suka fara banke dabbobi a kwanar gidan Hajiya Larai. Ranar da aka kashe jar akuyarta, Mai Unguwa ya sa Baba Yahuza ya rubuta allo: A RAGE GUDU. Ya zage ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba, ja a kan fari, ana karantawa tun daga nesa. Aka kafa.

Kafin kasuwa ta zagayo, wani bunsuru ya bi jar akuya.

Uwais direba ya leƙo ta taga yana dariya. "Baba, allon ga da kanshi ya hi mu sauri! Ina ganin shi sai ƙafata ta kama ƙaiƙayi."

Hajiya Larai kuwa da kanta ta tako har rumfar.

"Yahuza, tun kana yaro ba ka taɓa yin abu a miƙe ba. Ka tsaida haruffan nan, ko in tumɓuke allon in dafa wake da shi."

"Yaya, ai rubutun..."

"Rubutun mi? Ka ce musu su tsaya, kai kuma ka zana musu gudu!"

Maganar ta yi masa zafi, don har a majalisa an fara ce masa mai allon kashe awaki. Ya samo wani katako, ya rataya zare da dutse don ya bi miƙewarsa. Harafin A ya fito tsaye ƙyam. R ya ɗan duƙa. Kafin ya kai G, haruffa sun sake ɓallewa a guje. Ya shafe, ya sake, hannu ya ƙi. Suwaibatu ta kawo masa fura ta tarar ya zuba wa hannun nasa ido kamar baƙo.

Washegari sai ga shi da dagi a kwanar. Ya tone gindin turken allon farko, ya dinga tura allon hagu a hankali har ƙafafun haruffan suka miƙe tsaye, sannan ya danne da duwatsu. Rubutun ya koma yana haurawa sama.

"To, yanzu tudu suke hawa," ya ce wa 'yan kallo. "Wa ya taɓa hawa tudu a guje?"

Direbobi kuwa suka fara taka birki. Wani don ya karkata wuya ya karanta, wani don ya tambayi wane gwani ne ya kafa allo haka. Awaki suka riƙa tsallakawa abinsu. Hajiya ba ta yaba ba, amma ta aiko masa da dambu.

Masu kirki su ne sauran matsalarsa. Duk ranar aikin gayya sai matasa su tausaya wa allon su miƙar da shi, shi kuma ya lallaɓa da dagi ya mayar. Da gwiwoyinsa suka daina kai shi kwanar, ya sa aka kira Suwaibatu.

"Amarya, ke ce mai riƙe zancen gidan ga. Duk wanda kika gani ya nufi allon nan da niyyar alheri, ki tare shi ki ba shi labarin jar akuya. In kuma ya riga ki, don Allah ki sa kafaɗa ki karkata min shi."