Shugaban da Muka Ƙi Saki

Mang Teroy bai taɓa neman shugabancin ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu ba. Famfonsa ne ya ƙafe, ya zo taro yin ƙorafi, da yake kuma tsohon makaniken injinan ruwa ne sai ya ƙara da bayanin abin da ke damun rijiyar burtsatsenmu. Kafin ya koma kujerarsa an tafa masa, an naɗa shi. Wa'adin shekara biyu ne. Lokacin jikarsa tana goye, yau ga ta har ta fara shafa jan baki, shi kuwa yana nan.

Ni ce sakatariya, gidana na kallon nasa a nan garin Imus. Mare yake kirana saboda ni na riƙe masa 'ya ranar baftisma, ni kuma in ce masa Pare. Mang da Aling kuwa laƙabin girmamawa ne da muke sa wa manya, na namiji da na mace. Babu abin da ban gani ba a ƙofar gidan nan. Kare ya yi kashi a gaban gidan wani, a zo wurin Shugaba. Wani ya kunna na'urar waƙa yana ta rera abin da ba ya daɗi, a zo wurin Shugaba. Wani ya ɗora bene ya tare wa maƙwabcinsa iska, da an yi magana ya ce a haɗu a kotu. Duk mutumin nan zai fito da 'yar singiletinsa ya saurara, har ya ba su kofi.

Matarsa Aling Pacing kuwa abu ɗaya take so a duniya: su koma tsibirin Marinduque, gidan iyayenta da ke bakin teku. Ya yi mata alkawari tun kafin ya yi ritaya. Ta ɗaure kayanta a kwalaye ta jera a falo, sun daɗe har kyankyasai sun hayayyafa a ciki.

Za ku ce ya ajiye muƙamin mana. Ya ajiye wa wa? Mataimakinsa ya tafi Dubai aiki, ma'aji ya rasu. Banki sa hannun Mang Teroy kaɗai ya sani, ran da ya tafi ba mai biyan wutar injin ruwa, unguwa duka ta kwana ba ruwa. Doka kuma ta ce shugaba na nan kan kujera sai an zaɓi magajinsa, zaɓe kuma ba ya halatta sai fiye da rabin masu gidaje suna wurin lokacin ɗaga hannu.

Nan ne mutanenmu suke ƙona min rai. Ka gayyaci mutum taro, ya ce "Zan zo mana," kuma zai zo. A zuba masa taliyar pansit da kaza, ya ci, ya fito da leda daga aljihu ya ƙulle na yara, ya ce bari ya kai gida ya dawo. Ba ka sake ganinsa. Idan aka zo zaɓe daga mu sai tsofaffin da ƙafa ta hana tashi. Haka muke yi kowace shekara.

Bana sai Aling Pacing ta ce ba wanda zai ɗanɗana ko romo sai an gama zaɓe.

Mang Teroy ya dafe ƙirji. "Pacing, mutum ya zo, ga tukunya a gabansa, ki bar shi da yunwa? Me za a ce da mu?"

"A faɗi abin da za a faɗa," in ji ta. "Ina Marinduque labarin zai same ni."

Ranar taro filin ƙwallon kwando ya cika. Ta jera tukwane a rufe, ta ja kujera ta zauna gabansu da ludayi a hannu. Mang Berting mai ɗaukar fasinja a babur, wanda bai taɓa kaiwa ƙarshen taro ba, ya matso yana shinshine-shinshine.

"Aling Pacing, wannan ƙamshi ai zalunci ne. Ko ɗan fiffike?"

"Berting, ledar da ke leƙowa daga aljihunka ma ta yi haƙuri. Koma ka zauna."

Aka fashe da dariya, ya koma. Na ƙirga mutane, na sake ƙirgawa, mun haura rabi. Sai da na ji ƙwalla ta taru min don murna.

Mang Teroy ya miƙe. Abin da ya kamata ya ce shi ne, "Na sauka, ran Asabar zan tafi." Ina! Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai na tsufa. Ban yi muku wani abin kirki ba. Akwai waɗanda suka fi ni cancanta."

Nan take na san an samu matsala, don da irin muryar nan muke cewa mun ƙoshi idan an miƙo mana abinci, muna jira a matsa mana. Kuma wa zai tashi ya ambaci sunan wani a gaban dattijon da ya gama cewa bai yi komai ba? Ai kamar ka ce masa gaskiya ya faɗa ne.

Berting ya yi zumbur. "Haba Shugaba! Kai da ka zame mana uba? Wa ya fi ka a nan? Jama'a, Mang Teroy ko ba Mang Teroy ba?"

Na ɗaga murya, "Ku tsaya! Mutumin nan tafiya yake son yi!" Tafi ya shanye maganata. Rabi don kara, rabi don yunwa, hannuwa suka tashi gaba ɗaya.

Na riƙo rigar Mang Teroy. "Pare, ka ce ba ka so. Yanzu. Doka ta ba ka dama."

Ya dubi hannuwan nan, ya dubi matarsa, ya sake duban hannuwan. Na san shi, ba zai iya kunyata mutane da yawa haka a bainar jama'a ba. Ya ce, "To, na gode."

Ban san wa ya fi ba ni haushi ba a ranar, su ko shi. Aling Pacing ta miƙe. Ta buɗe tukwane ta zuba wa kowa, har ta ƙara wa Berting na yara. Da ta zo kan mijinta ta cika masa faranti, ta ce, "Ci da kyau, Shugaba. Ni dai jirgin Asabar zan bi."

Shi ya kai ta tashar jirgin ruwa a Lucena, ya dawo shi kaɗai. Da yamma na ji ana ƙwanƙwasa min ƙofa. Na fito da faɗa a bakina, na zaci masu ƙorafi ne suka ɓata hanya. Sai ga Mang Teroy tsaye da tukunya a hannu.

"Mare," ya ce, "idan na mutum ɗaya za a dafa, ruwa yaya ake zuba wa shinkafar?"