Ciwon Sambalo

Wata rana, a nan Gusau, abokina Sagiru tela ya yi abin da ni kaina, uban tsokana, na sara masa.

Mahaifiyarsa, Inna Tasalla, tana da hawan jini. Sai ta kamu da shirin wani da ke kiran kansa Farfesa a waya. Farar riga, gilashi, murya kamar mai wa'azi. Ya ce ƙwayar asibiti guba ce, tafarnuwa da lemon tsami sun isa.

Inna ta watsar da maganinta.

Kai ya fara sara mata. Ido ya fara yin dishi-dishi. Sagiru ya yi lallami, ya yi faɗa, a banza.

"Duniya guda na sauraren bawan Allah, kai da ko sakandare ba ka ƙarasa ba za ka fi shi sani?"

To, Inna na da wani bunsuru mai ɓarna, ita ta raɗa masa suna Sambalo.

Ranar da Farfesa ke amsa kira kai tsaye, Sagiru ya zauna gefen tabarmarta, ya buga, ya saki muryar wayar.

"Ranka ya daɗe, an ce tsohuwata na da ciwon Sambalo."

Farfesa ko tari bai yi ba.

"Sambalo! Mugun ciwo ne, saifa yake kamawa. Na warkar da mutane ba adadi."

Inna ta juya a hankali. Ga Sambalo can yana cin igiyar shanya.



Sagiru bai tsaya nan ba. Akwai wata likita, Dokta Rumasa'u, ita ma tana irin shirin, masu saurarenta ba su cika motar haya ba. Ya kira, ya maimaita tambayar.

Sai likitar ta ce:

"Ɗan'uwa, ban san wannan ciwon ba. Ban taɓa jin sunansa ba, kuma ba zan ƙirƙiro maka amsa ba. Me Mama take ji a jikinta?"

Dariyar da ya tanada ta maƙale. Ya faɗi ciwon kan, da idon, da maganin da aka daina.

"Kashe wayar nan. Ku tafi asibiti yanzu a auna ta. Daga nan ba na ganin jininta."

Inna ta riƙe haɓa.

"Sagiru, likita guda, a bainar jama'a, ta ce ba ta sani ba?"

"Da kunnenki kika ji, Inna."

"Miƙo min mayafina. Wannan 'yar tana tsoron Allah."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna, ta dubi Inna, ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri kiran likita. Aka ba ta gado nan take.

Jama'a, tsigar jikina har yanzu tashi take. Bunsuru da "ban sani ba" Allah ya yi sanadi da su.

Inna ta dawo gida da ƙafarta. Ta ce ko Sallah ta zo, ba mai sa wa Sambalo wuƙa.

Darasi: Kafin ka miƙa ranka ga mai magana a waya, saurara ka ji ko ya taɓa cewa "ban sani ba". Wanda ya san maganin kowace cuta, har ta bunsurun gidanku zai warkar.

Ku tura wa iyayenmu, musamman masu ajiye magani saboda wani Farfesa.