Geron Aro

A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni, a nan aka haifi Baba, amma har yau duk shekara sai na sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar wadda ta sauka jiya. Da aka rushe layinmu muka kwashe komatsanmu muka koma gidan haya a unguwar Waziriyya, ni da Yaya da iyalinsa. Ban yi kuka ba. Na daɗe da sanin ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa a garin nan. Abin da muka mallaka a duniya gona ce guda, a wani ƙauye can ƙasar Hausa, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa ganinta.

Kakanmu ne ya bar ta lokacin da ya taho aikin hajji a ƙafa. Bai sayar ba, bai bayar kyauta ba, aro ya ba ƙanensa. Kowace shekara in alhazai sun iso, sai wani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da ƙullin gero, mudu ɗaya, a cikin tsumma. Baba yakan karɓa da hannu biyu, ya sa a dama kunu, kowa sai ya sha ko ba ya so. Mu kuwa dariya muke yi. Gero duk tsakuwa, ya sha hanya, alhali ga shi nan tsaf a leda a shagunan unguwar Sa'alaba. Baba bai taɓa zaunar da mu ya faɗi dalili ba, a ganinsa abu ne da kowa ya sani.

Shekarar da ya rasu, Yaya ya kira jikan ƙanen Kaka, wanda gonar ke hannunsa yanzu, don ya yi godiyar ta'aziyya. Ina zaune na ji shi yana cewa, "Halas, ku daina wahalar da alhazai da geron nan. Wallahi muna da shi a nan, ma fi mushkila, ba damuwa." Kirki ya yi niyya. Can aka ce to, da sauri. Ni ma har da gyaɗa kai. Gero ya daina zuwa, shekara shida.

Wadda ta buɗe mini ido wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Polan. Ɗanta injiniya ne a wani kamfani a arewacin gari, ya ɗauko ta bayan ta karye a ƙugu, aka ɗauke ni aikin kula da ita. Ba ta jin Larabci, ba na jin yarensu. Da hannu muke magana, sai ranar Juma'a da rana in ɗan yana gida ya yi mana tafinta. Taurin kai ne da ita kamar me, abin da ya haɗa jininmu ke nan.

Tana da wata tsohuwar taswira da ninki ya cinye, ta ƙauyensu. Hanya ɗaya ce, gidaje a jere, bayan kowane gida gona siririya doguwa ta miƙe har bakin daji, kamar haƙoran mataji. Ta ce a zamanin kakanninta ƙauyen gaba ɗaya na mutum ɗaya ne, wani basarake mai katafaren gida, talakawa suna yi masa noma kafin su taɓa nasu. Bayan babban yaƙi aka raba sauran filinsa, mahaifinta ya samu yanki kusa da rafi. Tsakanin gona da gona akwai kunya guda da ba a nomewa, ciyawa kawai, ita ce iyaka. Duk shekara in ƙanƙara ta narke, mahaifinta yakan bi kunyar nan daga farko har ƙarshe, hannu a baya, a hankali, don maƙwabta su gan shi.

Ita kuma ta tafi birni aikin masaƙa. Bayan rasuwar mahaifin ta daina zuwa. Maƙwabci ya riƙa cin kunyar da garma, kaɗan bana, kaɗan baɗi, daga baya ya haura ya nome duka. Da ta farga ta kai ƙara, aka ce ya daɗe yana nomawa ba wanda ya ce uffan, ta zama tasa. Ta ɗora yatsa a kan layi na bakwai daga rafi, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

Don in sa ta dariya na ba ta labarin geronmu mai tsakuwa, da yadda Yaya ya hutar da mu. Ɗan yana fassarawa yana dariya. Ita ba ta yi ba. Ta damƙe mini wuyan hannu, ta yi magana da zafi. Ya ce, "Wai in tambaye ki, ke jaka ce? Ta ce wannan ba abinci ba ne. Shaida ce, kowace shekara, cewa gonar ba tasu ba ce."

Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin gero a kara ba ta gane a take, mu jikokin mai gona mun yi shekara da shekaru muna shan kunu ba mu gane ba.

Da na koma gida na tare Yaya. Ya ce, "Ya ukhti, ki bari. Me za mu yi da gona? Ko fartanya ba ki taɓa riƙewa ba." Na ce, "A nan mu baƙi ne, Yaya. Ba zan zama baƙuwa a wuri biyu ba." Na karɓi lambar na kira da kaina.

Bayan gaisuwa na ce a ci gaba da aiko mana da geronmu. Ɗan'uwan namu ya yi dariya. "Haba Hajiya, ai ku Larabawa ne. Yayanki da bakinsa ya yafe. Har mangwaro na dasa a gefen gabas, sun fara 'ya'ya."

"Gero ya yafe," na ce, "bai yafe gona ba."

Wata biyu na yi ina bin diddigin alhazan da suka taɓa kawo mana ƙullin nan. Da yawa sun rasu. Na samu uku a raye, ɗaya ma ba ya gani, amma ya tuna ƙofarmu ta Nuzla mai koren fenti, ya tuna Baba ya ba shi dabino. Su suka zauna ba da shaida a zauren mai garin ƙauyen bayan la'asar, aka ajiye waya a tsakiya, ni ina tsaye a barandar gidan aikina ina ji. Hausata ta Jidda ce, rabi Larabci, na ji ana ƙunshe dariya. Ban sassauta murya ba.

Mai gari ya ce mai aro ba ya dasa itace, kowa ya san haka. Amma itatuwan sun girma ba wanda ya ɗaga murya, don haka gefen mangwaron ya tafi. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, don shirunmu ne ya sayar da shi. Sauran gonar kuwa aro ce kamar yadda take, a ci gaba da aika gero.

Ɗan'uwan namu ya fusata. "Ranka ya daɗe, ni ba zan ƙara nome ta da sunan aro ba. In tasu ce, su taso daga Jidda su kama fartanya. In ba haka ba ta zama daji."

Kowa yana jira in roƙe shi. Ya san ba ni da wanda zai noma, ya san ba zan iya barin aiki ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ta ta zama dajin."

Damina uku ke nan ba a sa mata garma ba. Ana turo mini hotonta. Gero da dawa sun kewaye ta ko'ina, ita kaɗai ce ciyawa har ƙugu a tsakiyar gonakin gari. Duk baƙon da ya bi hanyar sai ya tsaya ya tambayi gonar wa aka bari haka. Kuma duk wanda aka tambaya, har shi ɗan'uwan namu, dole ya buɗe baki ya ce ta mutanen Jidda ce.